Idan Ka Sauka Agadas Ba Ka da Kuɗin Yawo

Ya ku ƙannena maza da mata, a 'yan shekarun nan sawunku ya yawaita a hanyar Agadas. Wani fatauci ya kai shi, wani aikin gwamnati, wani karatu, wani ya bi 'yan'uwa haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014, wani kuma zango kawai ya yada kafin ya wuce Arlit ko Libiya. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawanku kuke dawowa. Mutum ya yi wata da watanni a garin, a tambaye shi me ya gani, ya ce tasha, da ɗakin da yake kwana, da shagon da yake cajin waya. In an matsa masa sai ya ce ai yawon buɗe ido na Turawa ne da masu hannu da shuni, shi ina ya ga kuɗin hayar motar shiga rairayi.

Hayar irin wannan mota da tsada, ban musa ba, kuma zan zo kan maganarta. Sai dai mafi yawan abin da ya kai sunan Agadas duniya yana nan cikin gari da gefensa. Ba a kewaye shi da waya ba, babu mai yankar tikiti a bakin ƙofa. Abin da ake nema a wurinka shi ne ka iya sammako, ka iya tafiyar ƙasa, ka iya sallama, ka kuma iya zama wuri guda ka yi shiru kana kallo. Wanda yake da waɗannan huɗu zai ga abin da mai kuɗi ke wucewa a guje cikin mota bai gani ba.

Fara da sanin lokaci. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi kan haura digiri 40, wanda ya fita yawo da tsakar rana a wannan lokaci jikinsa zai gaya masa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne garin ke da daɗin tafiya, amma ka riƙe bargo, domin sanyin asubar hamada yana shiga ƙashi. Ko wane wata ne, lokacinka biyu: daga sallar asuba zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar.

Ka yi asubar farko a babban masallaci. Ba sai an yi maka kwatance ba, ɗaga kai kawai, hasumiyar za ta nuna maka hanya, yadda ta daɗe tana nuna wa ayarin raƙuma masu fitowa daga jeji. Tsawonta mita 27. Ana danganta gininta ga wani bawan Allah, Malam Zakariya, wajen shekarar 1515, aka sake gina ta a 1844. In an idar da salla kada ka yi gaggawar fita. Jira gari ya waye, ka tsaya a gindinta ka dube ta da idon magini. Dubi faɗinta a ƙasa, da yadda take tsukewa sannu a hankali har sama, don ƙasa ta iya ɗaukar nauyin ƙasa. Dubi itatuwan da suka fito ta kowane gefe. Baƙo kan ɗauka ado ne, alhali su ne ke ɗaure ginin daga ciki, su ne kuma matakalar da magina ke takawa in za a yi yaɓe. Ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin ana komawa kansa da sabon yaɓe, ranar da aka daina kuwa ruwa da iska su cinye shi. Ashe shekara ɗari biyar ke nan ba a rasa masu hawa can sama da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a hannu ba. Ɗan Katsina da ya san hasumiyar Gobarau zai gane abin da nake faɗa, kuma ina fata in ya koma gida ya dubi tasu da wannan ido.

Akan bar baƙo ya hau in ya nemi izini wurin mai kula da masallaci. Matakalar tana da duhu, tana ƙara matsewa in an yi sama, mai tsoron wuri matsattse ya haƙura. Wanda ya kai ƙarshe zai ga garin duka a ƙarƙashinsa, sorayen ƙasa ja-ja sun haɗa kafaɗa, duwatsun Azbin suna arewa, fili kuma ya miƙe kudu iya ganin ido. In ka sauko ka ba mai kula da wurin abin da ya sawwaƙa, ko bai tambaya ba. Kuɗin da za ka sayi katin waya na yini ɗaya ya isa, kuma ya fi dacewa a hannunsa.

Kada ka shiga garin nan kana jin kanka bare. Azbin ɗin da kuke ji a bakin kakanni ita ce wannan ƙasa ta duwatsun Ayar. Gobirawa suna cewa daga nan suka gangara kudu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taka garin nan yana matashi, a bayan malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Turkuɗin da Buzaye ke naɗawa yana sheƙi, a marinar Kura ta ƙasar Kano aka daɗe ana rina shi. Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da titi, ba ka bukatar tafinta. Sarautar Azbin ta zauna a Agadas tun ƙarni na 15, fadar Sarkin tana nan daf da masallaci, har gobe ana zaman fada. In ka wuce ta ƙofar, ka gai da dogarai, ka tambaye su iya inda baƙo ke tsayawa.

Daga nan sai lunguna. Tsohon garin unguwa goma sha ɗaya ne, kuma shi ne hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. Hanyoyinsa a karkace suke, wata ta buɗe ta zama fili, wata ta tsuke har jaki mai kaya ya wuce da ƙyar. Masana sun ce tsarin ya samo asali ne daga yadda kowace zuriya ta kafa zangonta kafin a maye bukkoki da gini. Ka bari ka ɓata kaɗan, hasumiya ba za ta ɓace maka ba, matambayi kuma ba ya ɓata. Ka lura da zanen da ke kan ƙofofi, da indararo, da dakalin da tsofaffi ke zama. Ka tambayi gidan da Bajamushen nan Barth ya sauka a 1850, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya koyi Hausa, ya rubuta abin da ya gani a garin. Ka tambayi gidan Sidi Ka, wanda adon bangonsa na ciki ya sa har an ɗauki fim a cikinsa. Waɗannan biyu akan ba masu gida ɗan wani abu. Daura da masallaci akwai ginin da ake kira fadar Kawsan, mutumin da ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Da Faransawa suka karɓe garin sun kashe mutane da yawa, har da malamai. In ka sami dattijon da ya yarda ya ba ka wannan labari yadda ya ji shi a gidansu, ajiye duk wani uzuri ka zauna.

Ga inda nake so ku saurare ni da kyau. Tsohon garin nan gidajen mutane ne. A ciki ake haihuwa, a ciki ake zaman makoki. Ka shiga lungunansa yadda za ka shiga gidan surukai: murya ƙasa, ido ƙasa, sallama a baki. Kada ka leƙa zaure don ka ga ƙofa a buɗe. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mace ko tsoho ko yaro ba ka tambaya ba, kuma in an ce a'a, ka ce na gode ka wuce. Na ga matasanmu suna ɗaukar bidiyon talakawa suna sawa a intanet da maganganun ban dariya, abin yana ƙona mini rai. Mutumin da ya bar ka ka bi ta ƙofar gidansa bai cancanci haka daga gare ka ba. Barikin soja, da shingen jandarma, da filin jirgi kuwa, ko kusa kada wayarka ta fito. Ke kuma ƙanwata, yawon nan har da ke. Ki nemi abokiyar tafiya 'yar gari, ki yi lulluɓinki, za ki ga ana buɗe miki ƙofofin da ba a buɗe wa maza, ki shiga cikin gida ki ga aikin fata da saƙar tabarmar kaba a hannun masu yin su.

Kasuwar dabbobi sai da safe. Ka sami inuwa ka tsaya gefe, kada ka tsaya bayan raƙumi, kada ka shiga tsakanin dillali da mai saye. Kalli yadda ake buɗe bakin amale a duba haƙori, a taɓa tozo, a ɗaga ƙafa a dubi tafin, a sa shi ya durƙusa ya tashi. Saurari yadda ake tayi ana cewa albarka har a kai ga sallamawa. Bafillace, da Buzu, da Balarabe, da Batube, da Bahaushe duk suna wurin, yawancin cinikin kuma da harshenka ake yin sa. A kasuwar gari ka nemi masu gishirin Bilma, ka ga kantu da idonka. Kowane ɗaya ya ratso hamadar Tenere, tafiyar da ta haura kilomita 500, wadda ayari kan yi da kaka ta hanyar Fashi. Daga nan gishiri da dabino su gangara ƙasar Hausa, gero ya hauro. Kantun da kakanka ya sa wa shanunsa lasa, wataƙila ta wannan gari ya bi.

Amma in za a ce in zaɓa maka wuri ɗaya da za ka ɓata yini guda, maƙera zan zaɓa. Yi sallama, ka ce kallo ka zo yi, ba saye ba. Faɗin wannan tun farko yana da muhimmanci, domin ba daidai ba ne ka sa mutum ya baje maka kaya, ka yi ta tayi, alhali ka san ba ka da niyya. Yawancinsu za su nuna maka tabarma. Za ka ga yadda ake yin sarƙar nan ta azurfa da duniya ta sani da sunan Agadas. Maƙeri zai fara siffanta ta da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya sa a wuta yaro yana zuga. Kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Sai a zuba narkakkiyar azurfa a gurbin, in ta huce a fasa yumɓun. Ka ga ke nan kowace sarƙa da nata mazubin, ba a maimaita shi. Sauran aikin na magagari ne da ɗan ƙarfen zane, da haƙurin da ba a koyon sa a wata guda. Irin waɗannan sarƙoƙi ashirin da ɗaya ake lissafawa, kowace da garin da ake jingina ta gare shi: ta Ingal daban, ta Timiya daban, ta Iferwan daban, har Damagaram da Tawa suna da nasu. Ana cikin haka za a ɗora shayi a kan gawayi. Zagaye uku ake yi, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. In kana da hali, gobe ka dawo da ƙullin sukari da ganyen shayi. Wannan ɗan abu yana mai da ɗan kallo ya zama aboki.

Wanda ya yi sa'a zuwansa ya dace da watan Muharram zai ga bikin Bianu. Gari kan rabu biyu, 'yan gabas da 'yan yamma, kowane ɓangare da tamburansa, samari sun sha rawani da manyan riguna suna rawa suna zaga unguwanni. Ranar tara ga wata ake marecen ado, sannan jama'a su fita bayan gari su kwana a Alarsas, washegari su shigo da ganyen kaba a hannu, su je gaisuwa fada. Ba a gayyatar kowa, ba a kuma korar kowa. Haka hawan salla, haka bukukuwan aure da ake yi a fili, inda masu jita ke kaɗawa. A irin waɗannan taruka Bombino da ƙungiyar Etran de l'Aïr suka goge kafin a san su a Turai da Amurka. Ka tsaya inda 'yan kallo ke tsayawa, ka bar wa dangi wurinsu. A watan Satumba kuma makiyaya kan taru a Ingal, kimanin kilomita 160 yamma da Agadas, su kai dabbobi lasar ƙasa mai gishiri, a yi tseren raƙuma da rawar Wodaɓe. Kuɗin mota ne kawai tsakaninka da wurin.

Da la'asar ka nufi arewacin gari, wajen ƙoramar Telwa. Yawancin shekara rairayi ne zalla, amma ruwa yana kwance a ƙarƙashi, shi ya sa lambuna suka bi gaɓarta har zuwa Azel da Dabaga. Albasa, tafarnuwa, tumatir, dankali, alkama, dabino, duk a wurin da baƙo zai rantse ko ciyawa ba ta fita. A da raƙumi ko sa ke jan guga daga rijiya, ruwa ya zuba a kwararo ya bi fangali-fangali. Yanzu injin ya karɓe yawancin aikin, amma in ka tambaya za a iya nuna maka inda ake yi irin na da. Ɗan manomi zai ƙaru a nan fiye da kowa. Ka nemi izini kafin ka shiga, kada hannunka ya kai kan abin da ba a miƙo maka ba.

In dare ya yi, ku haɗu ku uku ko huɗu da ɗan gari, ku ɗan matsa daga fitilu, ba nisa ba. Yawancinku kun girma ƙarƙashin hasken lantarki da hayaƙin janareto, ba ku taɓa ganin sama yadda take ba. Ku kashe waya, ku ba ido kamar minti ashirin ya saba da duhu. Da sanyi za ku ga kaza da 'ya'yanta a sama, a bayanta kuma taurari uku a jere, waɗanda ke fitowa daidai gabas. Da su madugu ke daidaita akalarsa in ya nufi Bilma. Tauraron arewa, wanda ba ya gusawa, yana digiri 17 daga doron ƙasa a Agadas, a Kano kuwa 12. Miƙa hannu ka dunƙule: dunƙule ɗaya kusan digiri goma ne, sai ka auna da kanka. Kafin ka zauna ka haska wurin, kafin ka sa takalmi ka kakkaɓe, domin kunama ma dare take fita.

Yanzu maganar mota. Ban da Ingal, duk abin da na lissafa ƙafa na kai ka, ko ɗan kuɗin kabu-kabu. Abin da ke gaba da haka lissafinsa daban ne, kuma a nan ba na so ku yi tsimi ko na dala ɗaya. Timiya da magangarar ruwanta da lambunan lemo da rumman tana da nisan sama da kilomita 200 ta hanyar duwatsu. Dutsen Bagzan, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2,022, sai da ja-gora da jakuna. Tenere kuwa ba a shigarta da mota ɗaya. Ƙasar nan ta ga tawaye daga 1990 zuwa 1995, ta sake gani daga 2007 zuwa 2009, na biyun ya bar nakiyoyi a wasu hanyoyi. Akwai 'yan fashi, an kuma sace baƙi. Halin hanya yana sauyawa daga wata zuwa wata, don haka labarin wanda ya je bara ba zai yi maka amfani ba. Tambayi hukuma, tambayi direbobin da suka dawo jiya, riƙe takardunka, ka gaya wa mai masaukinka inda za ka da ranar dawowa. In an ce a jira rakiyar soja, a jira. In an ce hanya ba kyau, zauna cikin gari, babu abin kunya a ciki.

Ruwa kuma ka ɗauki ninkin abin da kake zato. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. 'Yan'uwanmu ne, Allah ya jiƙan su. In mota ta mutu a jeji, zauna kusa da ita, ka yi inuwa, ka rage motsi da rana, domin masu nema sun fi saurin hango mota a kan mutum. Da damina kuma haɗarin ya juya: kada ka kwana ko ka ajiye mota a cikin busasshiyar ƙorama don rairayinta da laushi. Ruwa kan sauka a duwatsu can nesa, sama tana garau a inda kake, sai dai ka ji ruri. A Satumba 2009 Telwa ta ɓalle ta rushe gidaje masu yawa a cikin Agadas kanta.

In Allah ya sa ka samu shiga cikin wata tafiya, da abokan aiki ko 'yan makaranta, akwai amanar da zan ɗora maka. A Dabus, arewa da Agadas ta hanyar Arlit, akwai zanen raƙuman dawa biyu a kan dutse, babban ya haura mita biyar, an sassaƙa su shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da wurin yake da ciyawa da ruwa. Mutanen yankin ne ke gadin su. Kada ka taka, kada ka zuba ruwa ko ka goga alli don hoto ya fito, kada ka rubuta sunanka a gefe. Bishiyar Tenere ta yi zamani tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar rairayi, ayari bayan ayari suna wucewa babu wanda ya karya reshenta ya dafa shayi, sai a 1973 direba ɗaya ya banke ta da mota. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta an kafa ta ƙarfe.

Haka ƙasusuwa. A Gadufawa da kewayen Ingal an haƙo ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu sama da shekara miliyan ɗari da suka wuce, har akwai wanda masana suka raɗa wa sunan Nijar. A gindin tsaunin Tigidit ana samun itacen da ya zama dutse, a wurare da yawa kuma kan kibiya na dutse da fasassun tukwane suna zube a fili. Za a iya kawo maka irinsu a ce ka saya da araha. Kada ka saya, kada ka ɗauka. Masani yana gane shekarun abu ne daga inda yake kwance da abin da ke kewaye da shi, in ka ɗauke shi ka raba shi da labarinsa, fitar da shi daga ƙasa kuma laifi ne a doka. In ka ci karo da wani abu irin wannan, ɗauki hotonsa a inda yake, ka lura da alamar wurin, ka gaya wa ja-goranku ko mai garin da ya fi kusa.